Zoben Aure: Me Ya Sa Muke Raina Azurfa?

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa farkon Janairu, da kuma makonnin da ke biyo bayan kowace sallah, katin gayyatar biki yakan fi takardun aiki yawo a ofisoshin gwamnati da ke Abuja. A bayan kowane kati akwai lissafin da ango ko iyayensa suka kwana suna yi: sadaki, lefe, kuɗin zauren taro, abinci, anko, hayar gida a Kubwa ko Lugbe ko Maraba. A 'yan shekarun nan wani abu ya shiga wannan lissafi ya zauna daram, shi ne zoben aure. Ga 'yan'uwanmu Kirista zobe tsohon ɓangare ne na ɗaurin aure a coci. Ga Musulmi kuwa baƙo ne da ya shigo ta ƙofar liyafa da hotunan kafin biki, har malamai na da maganganu a kansa. Ko ta wace ƙofa ya shigo, yanzu ana sayensa, kuma ana cin bashi dominsa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake zaɓen ƙarfen da za a ƙera shi. An riga an yanke hukunci a zukatan mutane cewa zoben kirki sai na zinariya, azurfa kuwa ta wanda ya gaza ce. Ra'ayina shi ne wannan hukunci bai da tushe a tarihinmu, bai da tushe a addinin akasarinmu, kuma aljihun ma'aikaci ba ya ɗaukarsa. Azurfa mai kyau ta isa zoben aure. Matsalar da ta cancanci a tayar da jijiyar wuya a kanta ita ce yadda mai saye zai tabbatar cewa abin da aka miƙa masa azurfar ce da gaske, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan wasu daga cikin masu karanta wannan shafi.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Tsantsar azurfa, wadda ake yi wa lamba 999, tana da laushi ƙwarai. Zoben da aka yi da ita zai lanƙwashe da an ɗauki bokitin ruwa ko an riƙe sitiyari da ƙarfi. Shi ya sa maƙera tun da daɗewa suke gauraya ta da jan ƙarfe domin ta yi tauri. Gaurayen da duniya ta fi amincewa da shi shi ne kashi 92.5 cikin 100 azurfa, kashi 7.5 jan ƙarfe. Wannan ita ce azurfar sitalin, kuma ita ce ma'anar lambar 925 da ake gani a cikin zobe. Sunan ya haɗu da na kuɗin Ingila ne domin asalin fam ɗin sitalin nauyin azurfa ne da ake raba wa kwabo 240, kuma kuɗin azurfar Ingila sun tsaya a kan wannan ma'auni har zuwa 1920, lokacin da aka rage azurfar cikinsu zuwa rabi.

Azurfa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sana'ar ƙira a wurinmu ta kasu gida biyu: maƙeran baƙi masu garma da lauje da wuƙa, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda ke yin zobba da mundaye da 'yan kunne da kayan adon doki. Kafin kuɗin Turawa su kankama, liyari ya yi yawo a kasuwannin Kano da Katsina da Borno. Wannan shi ne kuɗin azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, nauyinsa kimanin giram 28, kashi 83 cikin 100 nasa azurfa. Maƙera sun riƙa narkar da shi suna yi wa mata kayan ado, wasu matan kuma su huda shi su rataya. Sulallan farko da Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ta fitar daga 1913 su ma na azurfa ne. A Agadas har gobe maƙeran Buzaye da azurfa suke aikin da ya sa aka san garin a duniya. Kakanninmu da suka yi ado da wannan ƙarfe sarakuna ne da attajirai da matansu, ba su ɗauke shi abin kunya ba.

Ga namiji Musulmi ma maganar ta fi haka sauƙi. Shari'a ta hana shi sa zinariya, ta halatta masa zoben azurfa. Zoben Manzon Allah (S.A.W.) na azurfa ne. An ƙera shi ne lokacin da zai aika wa sarakuna wasiƙu, aka shaida masa cewa ba sa karɓar wasiƙar da ba ta da hatimi. Bayansa zoben ya koma hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, Allah Ya ƙara musu yarda, har ya faɗa rijiyar Aris. Malaman Malikiyya, mazhabar da ta fi yaɗuwa a wurinmu, sun ƙayyade cewa zoben namiji kada ya wuce nauyin dirhami 2, wato kusan giram 6. Ƙarfen da aka yi hatimin Annabi da shi, wanda kuma aka ƙiyasta nisabin zakka da shi a dirhami 200, bai kamata Musulmi ya riƙa kallonsa a matsayin maneji ba.

A nan akwai wani rami da angwaye da dama ke faɗawa ba su sani ba. Mai shago zai nuna wa ango zobe fari tas, ya ce masa farar zinariya ce, ta fi azurfa daraja, kuma ba ta baƙi. Ango ya ga fari, sai ya ɗauka ya kauce wa haramcin. Farar zinariya zinariya ce. Ana gauraya ta ne da nikel ko faladiyom domin launinta ya dushe, sannan a shafe ta da wani ƙarfe mai suna rodiyom domin ta yi haske. Mai karat 18 kashi 75 cikin 100 nata zinariya ce zalla. Wanda ya saya ya biya kuɗi mai yawa don ya sa abin da yake gudu, kuma bayan wani lokaci rufin zai goge, rawayar da ke ƙasa ta fara leƙowa, a sake biyan kuɗin shafe.

Ga Kirista kuwa, abin da ake albarkata a gaban jama'a shi ne alkawarin da zoben ke wakilta, kuma alkawari ba a auna shi da karat. Tarihin Turawan da muka ari al'adar daga wurinsu ya nuna haka. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta taƙaita zoben aure zuwa karat 9, nauyinsa kuma bai wuce giram 3 da 'yan kai ba, kuma da irin waɗannan zobba aka ɗaura auren da suka kai jikoki. Ƙa'idar da ake yaɗawa cewa ango ya kashe albashin wata ɗaya ko biyu a kan zobe daga tallace-tallacen kamfanin lu'ulu'u na De Beers ta fito a ƙarni na 20. 'Yan kasuwa ne suka tsara ta domin kayansu su shiga, sai ga shi ta zama kamar doka a bakin mutanen da ba su san asalinta ba.

Yanzu mu zo kan lissafi, domin shi ne ya fi shafar mai jiran ƙarshen wata. A watan Oktoban 2025 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dala 4,000 kowace oza, azurfa kuma ta haura dala 50. Oza ɗaya ta waɗannan ƙarafa giram 31.1 ce. Zoben zinariya mai karat 18 da nauyin giram 5 yana ɗauke da giram 3.75 na tsantsar zinariya, wato kimanin dala 480, wanda a canjin lokacin ya kai kusan naira 700,000, tun kafin a sa kuɗin aiki da ribar mai shago. Zoben azurfa 925 mai nauyi ɗaya yana ɗauke da azurfar da ba ta kai dala 8 ba, kimanin naira 11,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan zinariyar zobe guda ta cinye albashin wata 10 na ƙaramin ma'aikaci, idan bai ci ba, bai sha ba, bai hau mota zuwa Sakatariyar Tarayya ba. Farashi yana hawa yana sauka, amma tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ninki-ba-ninki ce a kowane lokaci.

Ina waɗannan kuɗi ke fitowa? Kowa a ofis ya sani: bashin ƙungiyar adashin ma'aikata, bashin banki da ake cirewa kai tsaye daga albashi, ko manhajojin bashi na waya masu tsananin ruwa. Ga hadiman manya kuma akwai wata matsin lamba ta daban, domin mai ɗaukar jakar minista ko sanata yana jin dole bikinsa ya yi kama da na gidan da yake yi wa hidima, alhali muƙaminsa na iya ƙarewa ranar da ubangidansa ya sauka. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin gina gida daban, bashin ƙyale-ƙyalen kwana ɗaya daban. Auren da aka fara da rabin albashi yakan gamu da rigimar cefane tun amarya ba ta gama wanke lalle ba. Kuma ma'aikacin da bashi ya shaƙe shi ne wanda ɗan kwangila ya fi saurin samun kansa.

Masu sukar azurfa suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko, azurfa tana baƙi. Gaskiya ne, sai dai wannan baƙi ba tsatsa ba ce mai cin ƙarfe. Azurfa tana haɗuwa ne da burbushin farar wuta da ke cikin iska da gumi da wasu abinci kamar ƙwai da albasa, sai wani siririn rufi ya hau fuskarta. Zoben da ake sawa kullum bai cika yin baƙi ba, domin gogayya da hannu da tufafi tana share shi. Wanda aka ajiye a akwati shi ya fi dushewa. Sabulu da ruwan ɗumi da ƙyalle mai laushi sun isa gyara yau da kullum. Idan baƙin ya yi yawa, a sa zoben cikin kwanon alminiyon, a zuba ruwan zafi da 'yar kanwa, a bar shi ya taɓa jikin kwanon na 'yan mintuna, zai dawo da haskensa, muddin ba mai dutse ba ne ko wanda aka baƙanta zanensa da gangan. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne sinadarin bilic da ruwan wurin ninƙaya, domin suna ɓata azurfa.

Hujja ta biyu, azurfa tana ƙarcewa, kuma bayan shekaru tana sirancewa. Wannan ma gaskiya ne. Amma zinariya mai karat 22 da ake ji da ita a kasuwanninmu ita ma mai laushi ce. Maganin shi ne a zaɓi zobe mai kauri, marar sarƙaƙƙen ado, a cire shi lokacin aikin ƙarfi. Wanda ke son zobe mai riƙe da dutse mai tsada yana da dalilin neman ƙarfe mai tauri, domin 'yan faratan da ke riƙe dutsen suna iya buɗewa. Zoben aure na gama-gari kuwa da'ira ce kawai. Azurfa kuma tana da wata falala da zobban tangistan da taitaniyom na zamani ba su da ita: maƙeri na iya yanka ta, ya ƙara ko ya rage, ya like, ya goge, idan yatsa ya yi ƙiba ko ya rame. Idan ma zoben ya ɓace a wurin alwala ko a motar haya, asarar ba ta hana barci.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma daga mata take fitowa. Zinariya ga mace ajiya ce. Ita ce bankin da ba ya neman sa hannun miji, ita ake ɗagawa ranar da ciwo ya zo, ko kuɗin makaranta ya gagara, ko aure ya mutu. Duk wanda ya ga yadda naira ta zube tun daga tsakiyar 2023 ba zai yi wa wannan hikima dariya ba. Ba na cewa a hana amarya zinariyarta. Abin da nake cewa shi ne a raba ajiya da ado. Zoben aure shi ne mafi munin hanyar ajiye zinariya: kuɗin aikinsa da sunan shagon suna da yawa, ranar sayarwa kuwa nauyi kawai ake aunawa, sannan shi ne abu na ƙarshe da mace za ta so rabuwa da shi. Wanda Allah Ya hore wa, ya saya wa matarsa zinariya da awo, da rasit, ta adana a matsayin dukiyarta. Abin da za a sa a yatsa ana wanke-wanke da shiga kasuwa ya zama azurfa. Wanda bai da hali kuma, daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai masu cewa araha ba ta ado. Karin maganar tana da gaskiya idan arahar ta jabu ce, kuma nan ne ainihin matsalar take. Lambar 925 da ke cikin zobe ba shaida ba ce a kasuwarmu, domin ƙarfen buga lambar kowa na iya mallakarsa. Akwai zobban tagulla da aka shafa wa ruwan azurfa, waɗanda bayan 'yan watanni suke komawa ja, su bar kore a yatsa. Akwai abin da ake kira azurfar Jamus, wadda babu ko ɗigon azurfa a cikinta, gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Nikel kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kayan ado tun 1994. Yawancin waɗanda ke cewa azurfa ba ta karɓe su ba, da za a bincika, kallon kitse suka yi wa rogo. Jabun ya cuci mai saye, ya kuma ɓata sunan maƙerin gaskiya da ke Kurmi ko Wuse, wanda ba zai iya karya farashi kamar mai algus ba.

Mai saye yana da 'yan dabaru. Maganaɗisu ba ya jan azurfa, saboda haka duk zoben da ya manne masa a ajiye shi, ko da yake tagulla ma ba ta mannewa, don haka gwajin bai wadatar ba. Azurfa ta fi tagulla nauyi a hannu idan girmansu ɗaya. Maƙera na da ruwan gwaji: a ɗan kankare wuri a ɗiga, azurfar kirki ta nuna fari kamar madara, jabu ta nuna kore. Manyan dillalai kuma suna da na'urar da ke karanta ƙarafan da ke cikin abu ba tare da an ɓata shi ba. A nemi a auna zoben a gaban ido, a rubuta nauyinsa da lambar 925 a rasit, tare da sharaɗin mayarwa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Sai dai bai kamata a bar ango da maganaɗisu a aljihu yana yawon kasuwa ba. Wasu ƙasashe sun warware wannan tun da daɗewa. A shekarar 1300 Sarki Edward na I na Ingila ya kafa dokar cewa kayan azurfa su kai ma'aunin sitalin, a gwada su, a buga musu tambarin kan damisa kafin a sayar. A yau, ƙarƙashin dokar 1973, ofisoshin gwaji huɗu ne ke wannan aiki, a Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh, kuma duk kayan azurfar da ya kai giram 7.78 ba a sayar da shi da sunan azurfa sai da tambarinsu. Hikimar ita ce mai gwadawa daban, mai sayarwa daban. Indiya, ƙasar da mata ke ajiye dukiya a zinariya kamar namu, ta wajabta tambarin gwaji a kan kayan zinariya daga watan Yunin 2021, har kowane abu yana da lambarsa da mai saye zai iya dubawa a waya.

Mu ma muna da hukumomin da za su iya. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da hurumin tsara ma'auni. Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, tana da dokar 2018 da ta haramta yaudarar mai saye game da ingancin kaya. Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari shi ke da alhakin duba sikeli. Ma'aikatar Ma'adanai kuma ta daɗe tana maganar a riƙa sarrafa ma'adanai a gida maimakon fitar da su ɗanye. Abin da ake buƙata bai kai gina sabuwar hukuma ba: ma'auni ɗaya bayyananne na azurfa da zinariya, ƙananan ofisoshin gwaji a manyan kasuwannin Abuja da Kano da Legas, tambarin da doka ta kare, kuɗin gwaji kaɗan da ƙaramin maƙeri zai iya biya, da hukunci ga wanda ya buga 925 a kan tagulla. A fara da na sa-kai, tare da ƙungiyoyin maƙera da dillalai, domin idan aka fara da kame da rufe shaguna, abin zai zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro, talakan maƙeri ne kuma zai fara shan wuya.

Amfanin ya wuce zoben aure. Tambarin da aka yarda da shi zai kare matar da ke sayen zinariya don ajiya, zai ba maƙeran fari damar sayar da aikinsu a ƙasashen da ba sa karɓar kaya sai da shaidar gwaji, zai kuma sa matasa su ga cewa sana'ar iyayensu tana da makoma. Masu rubuta takardun da ke zama manufofin gwamnati, da masu shirya wa 'yan majalisa ƙudurori, suna cikin masu karanta wannan rubutu. Wannan ƙaramin aiki ne da za a iya kammalawa cikin wa'adin mulki ɗaya.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Manyan ma'aikata da iyayen amare su ne ke kafa abin da na ƙasa ke kwaikwayo. Ranar da darakta ko babban sakatare ya aurar da ɗansa da zoben azurfa na maƙerin gida, ya faɗa a fili ba tare da jin nauyi ba, ya sauke wa ƙananan ma'aikata da yawa kayan da ba su da wuyan ɗauka. Ango kuma ya zauna da amaryarsa tun kafin a shiga kasuwa, su duba albashi, su duba hayar shekara mai zuwa, sannan su zaɓi zoben da ba zai bi su da takardar bashi ba. Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.